Sharhi kan kayan saƙa bargon yanayi: zaren ya yi, jadawalin launin ba namu ba ne

Bargon yanayi saƙa ce da ta yaɗu a intanet daga masu saƙa na Amurka da Turai. Kowace rana a saƙa layi ɗaya da launin da ya dace da zafin ranar, har shekara ta zagayo, a samu layi 365. Na sayi haɗaɗɗen kayan aikin a wurin wata mai sayar da zare ta intanet, na yi amfani da shi daga Janairu zuwa Disamba a nan Kano. A cikin ƙunshin akwai zare launi goma, kwarashi mai milimita 4, allurar ɓoye bakin zare, da kati mai jadawalin launuka.

Zaren roba ne, irin wanda ake kira akirilik, matsakaicin kauri. Ba ya warwarewa a bakin kwarashi, bai zuba ba a wanki, har jan da na fi jin tsoro. Hannun kwarashin mai laushi ne, ba ya cin yatsa. Nan dai ba ni da ƙorafi.

Katin ne matsalar. An tsara shi don ƙasashen ƙanƙara: ya faro daga ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, yana hawa da digiri biyar-biyar, ya tsaya a "35 zuwa sama". To mu ina ruwanmu da sifiri? A Kano zafin rana yakan zauna wajen digiri 30 a Janairu, ya haura 38 a Afrilu, wasu ranakun ya wuce 40, sannan damina ta sauko da shi wajen 30 a Agusta. Wanda ya bi katin nan zai ƙare da bargo mai launi biyu ko uku, farin zare da shuɗi da shunayya suna kwance a leda, jan kuwa ya ƙare tun kafin ruwan farko ya sauka.

Sai na zana nawa jadawalin, digiri biyu-biyu. Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin gaba ɗaya shi ne zaɓen wane awo za a bi. In ka ɗauki zafin tsakar rana kawai, Janairu da Agusta launi ɗaya za su fito, alhali duk wanda ya kwana a Kano ya san hunturu da damina ba su haɗa hanya ba. Bambancin yana cikin dare. Sanyin asuba a hunturu yakan sauko wajen digiri 13, a bazara kuwa dare ma yana sama da 24, ana kwana a tsakar gida. Don haka na bi awon dare, kuma shi ya fito da shekarar yadda muka san ta: shuɗi a kai da ƙafa, ruwan goro da ja a Afrilu da Mayu, kore shimfiɗe a damina. Alkaluman ina ɗaukarsu daga manhajar yanayi ta waya, ina rubutawa a ɗan littafi. NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ma tana fitar da hasashen kullum, sai dai hasashe daban, abin da aka auna daban. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa.

Katin bai ce komai kan tsawo ba, kuma nan mutane ke shiga uku. Salon da ake kira gajeriyar saƙa yana ba da kamar rabin santimita a layi, wato bargo wajen mita biyu. Doguwar saƙa kuwa sai ta kai shi sama da mita huɗu, ba gadon da zai ɗauka.

Zaren bai isa ba, tunda an raba shi daidai wa daida tsakanin launuka, yanayi kuma ba ya rabo haka. Da na nemi ƙarin kore, wanda aka aiko mini ya ɗan fi na farko duhu saboda rinin ba ɗaya ba ne. A hasken rana ana ganin inda suka haɗu. Ya kamata mai sayarwa ta gargaɗi masu saye su duba lambar rini a jikin takardar zaren.

Wani abu kuma, ɗora bargon roba a cinya cikin watan Mayu azaba ce, ga wuta ba kullum ba. Da gutsure-gutsure aka tsara shi, kowane wata nasa, a haɗe daga baya, da ya fi mana sauƙi. Kada kuma a kusantar da dutsen guga, zaren narkewa yake yi.

Wadda ta iya saƙa ba ta buƙatar ƙunshin nan. Ta duba yanayin garinsu na bara, ta shiga kasuwa ta sayi launukan da za ta fi ci da yawa, sauran kaɗan-kaɗan. Sabuwar shiga za ta amfana da zaren da kwarashin. Katin kuwa ko 'yan Jos ba za su taɓa rabinsa ba.