Ciyar da kunamar ruwa da hannu a gidan kallon halittun teku

Cikin abubuwan da gidajen kallon halittun teku ke karɓar wa kuɗi bayan tikitin shiga, wanda kwalliyarsa ta fi biyan kuɗin sabulu shi ne ciyar da kunamar ruwa da hannu, wato kifin nan mai faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya mai ƙayar dafi. Kallon mai nutso yana ba manyan kifaye abinci daga bayan gilashi ma da daɗi, amma kallo ne kawai.

Tafkin da ake ciyar da ita ba shi da zurfi. Za a miƙo maka ɗan kofi da 'yan guntayen kifi ko jatan lande, a ce ka cire zobe da agogo, ka ɗauraye hannu har gwiwa da ruwa zalla. Ba neman magana ba ne: man shafawa, turare da sabulu duk cikin ruwan suke ƙarewa, kuma da shi kifin ke numfashi.

Wurin riƙon abincin ne yawancin mutane ke faɗuwa. Bakin kunamar a ƙarƙashinta yake, idanunta kuwa a sama, saboda haka ba ta ganin abin da take ci, sansano shi take yi. Wanda ya tsaya yana kaɗa guntun kifi a saman ruwa zai gaji a banza. Maƙale abincin tsakanin manuniya da yatsan tsakiya ya leƙo sama, ka nutsa hannu sosai, yatsu a shimfiɗe, ka tsaya cik. Za ta taho ta lulluɓe hannun gaba ɗaya da jikinta mai santsi, sai ka ji an zuƙe abincin fuut. Haƙoranta masu faɗi ne, na murƙushe ɓawon katantanwa, ba na yanka ba, amma yatsan da ya miƙe sama zai sha matsa. Idan za ka shafa ta, yatsu biyu a gadon baya sun isa. A bar ido da wutsiya. Ƙayar dafin da ke wutsiyar ma'aikata na datse ta lokaci-lokaci, domin tana sake tsirowa.

Ana gane gida na ƙwarai da rowarsa. Abincin yini ake aunawa a sikeli, a raba shi zagaye-zagaye, idan ya ƙare an rufe sayarwa ko da layi ya kai ƙofa. Gidan da ke miƙa kofi ga duk wanda ya biya, daga safe har yamma, cutar kifin yake yi: ragowar abinci na ruɓewa a ƙasa, amoniya, sinadari mai guba ga kifi, ta hauhawa fiye da abin da na'urar tace ruwa za ta iya ɗauka. Taɓa kofin ka ji, ya kamata ya kasance da sanyi, ba wari. Duba kuma ko akwai fili a tsakiyar tafkin inda hannu ba ya kaiwa, don wadda ta gaji da mutane ta je ta huta, da ma'aikaci tsaye yana tsawatarwa. Waɗannan tafkuna ba sa yafe sakaci: a 2015 kunamun ruwa 54 suka mutu a gidan zu na Brookfield kusa da Chicago, a Amurka, bayan iskar oksijin ta yi ƙasa a ruwansu.

Aibin wannan ciyarwa gajarta. Kofin kan ƙare cikin 'yan mintuna, hannun riga ya jiƙe, ƙarnin kifi ya bi ka har waje. Ƙananan yara sukan tsorata su fizge hannu su yar da abincin, gara babba ya fara suna gani. Mai rauni a hannu ko wanda jikinsa ba ya son jatan lande ya haƙura da kallo.

Nemi zagayen farko na safe, lokacin kunamun suna jin yunwa. Wanda ya zo da la'asar sau da yawa ƙosassu zai tarar, su shawagi ta kan hannunsa su wuce.