Toshe ƙarar baƙin ƙarfe ko rage ta: wanne ya fi a kufai mai yawan ƙusoshi?

Malam, ka ce kana aiki da Equinox 800, na'urar neman ƙarfe a cikin ƙasa, a wani tsohon kufai wajen Kware, ƙasar cike da ƙusoshi, guntayen kwasa da ruɓaɓɓun gwangwanaye, har kunne ya gaji da gurnani. Kana tambaya ko ka toshe baƙin ƙarfe baki ɗaya, ko ka bar shi yana ƙara. Ga yadda hanyoyin biyu suke.

Na'urarka tana ba kowane abu lamba daga -9 zuwa 40, baƙin ƙarfe kuma yana faɗawa tsakanin -9 da 0. In ka toshe waɗannan lambobi, wuri zai yi tsit, sai abin da ba baƙin ƙarfe ba ne zai yi kuka. A gonar da ƙusa ɗaya ce nan ɗaya can, wannan ya wadatar. Amma fa na'urar ba ta daina ganin ƙusar ba, bakinta kawai ka ɗaure. Idan tsohon kwabo yana kwance da ƙusa a tazarar yatsu uku, faifan na'urar, wato zagayen da ake lilo da shi a kan ƙasa, yana ɗaukar su tare, ƙusar ta ja lambar kwabon ƙasa, ta faɗa cikin waɗanda ka toshe. Ka wuce ta kansa ba ka ji komai ba. Kuma shirun yana sa mutum saurin lilo da faifai, tunda bai san ƙusoshi goma ne a ƙarƙashinsa ba.

Akwai illa ta biyu. Babban ƙarfe mai tsatsa, ko ƙusar da ta lanƙwashe, yakan yi wata 'yar siririyar ƙara a gefensa kamar ta kuɗi. Da kana jin gurnanin da ke biye da ita, da ka gane. Tunda ka toshe, siririyar kaɗai za ka ji, ka haƙa rami har gwiwar hannu a cikin zafin rana, ka tarar da bakin gatari.

Hanya ta biyu ita ce ragewa, kuma a irin wurin da ka kwatanta ita muke ba ka shawara. Danna maɓallin nan mai hoton takalmin doki don buɗe duk lambobi. Shiga saitin ƙarfin sauti, ka sauke na baƙin ƙarfe zuwa 4 ko 5 cikin 25, sauran ka bar su a sama. Yanzu ƙusa za ta riƙa gunaguni can ƙasa-ƙasa, kwabo kuma ya fito fes a tsakaninsu. Inda gunagunin ya yi kauri, nan ɗaki ko rumfa ta taɓa tsayawa, nan ne wurin rage sauri. Sai da iyafis wannan ke yiwuwa, musamman lokacin hunturu, don iska tana cinye ƙaramin sauti. Kwanakin farko za ka gaji, ba ƙarya.

Sai batun yawan sautukan da za ka saita wa na'urar, wato kashi nawa za ta raba lambobin. Sauti 50 yana gaya maka abubuwa da yawa: zagayayyen abu yana ba da murya ɗaya tsayayya, gwangwani kuma muryarsa rawa take yi. Sai dai cikin tarin ƙusoshi sautukan suna cakuɗewa, wanda kunnensa bai goge ba zai rikice. Sauti 2 tambaya ɗaya yake amsawa, baƙin ƙarfe ne ko ba shi ba ne. Fara da shi. Sauti 5 kuwa yana da tarko a wurinmu: farin kwabo mai huji na zamanin Turawa haɗin jan ƙarfe da nikel ne, lambarsa ba ta hawa sama sosai, tana kusa da ta guntun alminiyam. Ƙaramin zinariya ma haka. Tunda lamba mai sama ce ke ba da siririyar ƙara, mai jiran ta kaɗai zai bar su a ƙasa.

Sauti ba ya aiki shi kaɗai. Ɗaga saurin farfaɗowa zuwa 6 ko 7 cikin 8, don na'ura ta saki ƙusa ta kama na kusa da ita, ko da yake za ka rasa ɗan zurfi. Sauke ƙarfin ji zuwa 16 ko 18. In kana da faifai mai inci 6, cire mai inci 11 ka sa shi. Duk ƙarar da ka yi shakka, juya ka tsaya ta gefe ka sake bi ta kanta: wadda ta tsaya ta kowace fuska a haƙa, wadda ta koma gurnani a bari. Kafin ka fita, ajiye ƙusa da kwabo a tsakar gida inda babu rodi, ka riƙa matso da su kana lilo, ka ji inda kowane saiti ke rasa kwabon.

Kuma a nemi izinin mai gona da mai gari. Wuri irin Surame, kufan tsohon birni a jihar Sakkwato, kayan tarihi ne na ƙasa, ba a haƙa a can.

Saura marmara. Jar ƙasarmu tana ɗauke da ƙarfe a jikinta, shi ya sa da ka buɗe duk lambobi za ka iya jin ƙorafi ko babu ƙusa, lambar tana nuna -9 ko -8. Nemi wuri mai tsabta ka daidaita na'urar da ƙasa tukuna. In bai daina ba, toshe waɗannan lambobi biyun kawai, ka bar -7 zuwa 0 a buɗe.