Kwana biyar a wani ƙaramin otal na bakin teku a gabashin Zanzibar

Hotunan da na gani kafin in biya kuɗin ɗaki duk abu guda suke nunawa: ruwa shuɗi garai-garai yana taɓa ƙafar baranda, ga bishiyoyin kwakwa sun sunkuya a kansa. Da muka isa, wajen ƙarfe goma na safe, bayan tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a mota daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, sai na tarar da barandar da bishiyoyin kamar yadda aka nuna, amma tekun ba ya nan. Farin rairayi ne shimfiɗe iya ganin ido, da 'yan kududdufai nan da can, da kwale-kwalen masunta kwance a kan gefensu, sai can nesa ƙwarai ake hango wani farin layi inda igiyar ruwa take fashewa. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, anya nan ne kuwa?" Ni kaina ban sami amsar da zan ba ta ba a lokacin.

Otal ɗin yana gaɓar kudu maso gabashin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, a yankin da ƙauyukan Paje da Jambiani suke. Ɗakuna goma sha biyu ne kacal, an gina su da dutsen murjani an shafe da farar ƙasa, an kuma rufe su da jinkar ganyen kwakwa wadda mutanen wurin suke kira makuti. Dalilin ɓacewar tekun kuwa ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san gaɓar. Akwai shingen murjani da ya yi wa wannan ɓangare na tsibirin katanga daga nesa, tsakaninsa da tudu kuma fili ne marar zurfi, saboda haka idan teku ya janye, sau biyu a kowace rana, sai filin ya fito sarari. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lokacin da bambancin cika da janyewa yakan kusanci mita huɗu, mu kuma mun sauka ne kwana ɗaya kafin wata ya cika. Wanda yake son ya yi ninƙaya duk sa'ar da ya ga dama, arewacin tsibirin ya kamata ya nufa, wajen Nungwi ko Kendwa, inda ruwan ba ya yin nisa haka. Laifin otal ɗin a nan shi ne bai faɗi wannan a fili ba a cikin tallarsa, kuma ina ganin ya kamata ya faɗa, domin mutumin da ya tara kuɗi ya ƙetaro duniya bai cancanci a bar shi ya gano hakan da idonsa ba.

Sai dai abin da ya fara ɓata mini rai shi ne daga baya ya zama abin da na fi yaba musu a kansa. A bakin ɗakin cin abinci akwai wani ɗan allo da ake rubuta lokutan cikar teku da janyewarsa da alli kowace safiya, kuma da yake lokutan suna matsawa gaba da kimanin minti hamsin kullum, duk harkar gidan da su take tafiya. Matashiyar da take kula da ɗakinmu ta kawo mana takalman roba ba tare da mun tambaya ba, ta bayyana mana cewa a cikin kududdufan akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar na bushiya, wadda idan aka taka ta hutun ya ƙare ke nan. Da rana ta yi sama muka bi wani ma'aikaci cikin filin. Mun wuce ta gonakin ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a tsibirin tun ƙarshen shekarun 1980 kuma mata ne suka fi yin ta. Na tsaya na kalli wata dattijuwa zaune cikin ruwan da bai wuce ƙugunta ba, tana ɗaure ƙananan reshen ciyawar a jikin igiyar da aka ja tsakanin turaku biyu, hannunta yana aiki bakinta yana hira da maƙwabciyarta, ko ɗago kai ba ta yi ta dube mu ba. Da la'asar ta yi, ruwan ya dawo a hankali har ya rufe turakun nan baki ɗaya, ya zo yana bugun matakalar baranda kamar yadda hoton ya yi alkawari, ga shi da ɗumi kamar an sirka shi.

Ɗakin kansa ya burge ni ta fuskar fasali fiye da ta kayan ƙawa. Gado ne babba na katako mai sassaƙa irin na Zanzibar, mai dogayen ƙafafu, an lulluɓe shi da gidan sauro wanda ake zuwa a sauke kowace magariba, a fesa magani, a ajiye ruwan sha. Tagogin suna fuskantar juna, don haka iskar kudu da ake kira kusi, wadda take kaɗawa a watannin tsakiyar shekara, tana ratsa ɗakin ta yadda a watan Agusta da muka je ba mu nemi na'urar sanyaya ɗaki ba sai dare ɗaya. Da na tambayi abin salla, cikin minti biyar aka kawo darduma, aka kuma nuna mini alƙibla, wadda a can arewa take, tekun yana hannun dama. Baranda tana kallon gabas, saboda haka fitowar rana ce rabon baƙon wannan gaɓa ba faɗuwarta ba, kuma a dare na biyu mun ga wata yana ɓullowa daga cikin ruwa, ja wur, jim kaɗan bayan magariba.

Banɗaki ne ya rage wa ɗakin daraja. Ruwan shawa yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma ƙarfinsa yakan ragu da safe idan kowa ya buɗe famfo. Na fahimci cewa rijiyoyin da suke kusa da teku haka ruwansu yake, amma gidan da yake kiran kansa na alfarma, yake kuma karɓar kuɗin alfarma, ya dace ya kashe abin da ya kamata wajen tace ruwa. Wutar lantarki, wadda ake jawo wa tsibirin daga babban yankin Tanzaniya ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ta ɗauke sau biyu muna can. An tayar da janareta cikin 'yan mintoci, sai dai yana ɗaukar fitilu da fanka ne kawai. Intanet kuma ba ta da ƙarfi sai a wajen karɓar baƙi, abin da ni bai dame ni ba, amma wanda ya zo da aiki a kwamfuta zai sha wahala.

Abinci yana daga cikin wuraren da ƙanƙantar otal ɗin ta yi amfani. Ba a jera kwanuka ashirin a bar su suna hucewa. Kuku ne yake fitowa da kansa bayan karin kumallo, ya faɗi abin da masunta suka kawo, ya ji ra'ayin kowane tebur. Mun ci gasasshen kifi da lemun tsami, da shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari da kirfa, kayan yajin da tsibirin ya yi suna a kansu, sannan da pweza, wato halittar tekun nan mai hannaye takwas, wadda aka dafa a cikin madarar kwakwa har ta yi laushi. Na yi ɗari-ɗari da ita da farko, amma sai da na sake nema a daren ƙarshe. Da suka lura tun ranar farko cewa ba ma shan giya, ba a ƙara kawo mana takardarta ba, sai ruwan ɗanyar kwakwa da shayi mai citta. Abin da zan ce a gyara shi ne jinkiri: idan tebura shida suka cika lokaci ɗaya, ana iya jiran abinci kusan awa guda.

Ranar da muka shirya fita da kwale-kwalen ngalawa, irin mai fukafukan katako a gefe biyu, na kusa yin kuskuren da manajan ya cece ni daga gare shi. Mai jirgin ya ce mu haɗu saa tisa, wanda a zahiri ƙarfe tara ke nan, ashe a lissafin Swahili daga ƙarfe shida na safe ake fara ƙirga awoyi, don haka ƙarfe uku na rana yake nufi. Manajan ne ya ji maganar yana wucewa, ya tsaya ya warware mini, ya kuma rubuta lokacin a takarda. Irin wannan lura ce na ga ana saye da kuɗin ƙaramin otal, inda kafin kwana biyu kowane ma'aikaci ya san sunanka da yadda kake son shayinka.

Game da kuɗi, wuri ne mai tsada, kuma abin da aka gani a talla ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai harajin da ake ɗora wa kowane baƙo a kowane dare, motar ɗauko mutum daga filin jirgi ta otal ɗin ta fi ta waje tsada nesa ba kusa ba, sannan tun daga Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje sayen inshorar tafiya ta dala 44. Bakin tekun kuma na jama'a ne, don haka masu tallar yawon buɗe ido da kayan tsaraba za su tare ka da zarar ka sauka daga matakala, ko da yake ba sa hawowa harabar gidan.

Zan iya ba ma'aurata da masu neman shiru shawarar wannan masauki, musamman waɗanda za su haɗa shi da kwana ɗaya ko biyu a tsohon birnin Stone Town, ko su tsaya a dajin Jozani da yake kan hanya don ganin jajayen biran da ba a samun irinsu sai a Zanzibar. Masu ƙananan yara da suke son wasan ruwa daga safe har yamma za su ƙare ne a ɗan tafkin ninƙayar otal ɗin, wanda bai fi ɗaukar mutum takwas ba. Idan zan koma, zan guje wa watannin Maris zuwa Mayu saboda ruwan sama mai yawa, zan duba kwanan wata kafin in tsayar da rana, kuma zan nemi ɗakin da yake can ƙarshen kudu, nesa da ƙarar janareta.