Fayil ɗin ƙuri'un gundumomin Amurka na MIT: kyauta ne, amma daga 2000 ya fara

Mai son bin diddigin yadda wata gundumar karkara a Amurka ta sauya sheƙa daga wannan jam'iyya zuwa waccan, da wuya ya sami wurin farawa da ya fi fayil ɗin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da cibiyar nazarin zaɓe ta jami'ar MIT, wato MIT Election Data and Science Lab, ke ajiyewa a rumbun bayanai na Harvard Dataverse. Ba a biyan ko sisi. Ana sauke shi a buɗe da Excel, kowane layi ɗauke da shekara, jiha, gunduma, ɗan takara, jam'iyyarsa, ƙuri'unsa da jimillar ƙuri'un gundumar.

A gwada shi da gundumar Elliott da ke gabashin jihar Kentucky, mai lamba 21063 a tsarin lambobin da gwamnatin Amurka ke bai wa kowace gunduma. A tace da lambar, domin sunayen gundumomi na maimaita kansu daga jiha zuwa jiha. John Kerry na Democrat ya kwashi kusan kashi 70 a nan a 2004. Obama ya sami kashi 61 a 2008, ya sha da ƙyar a 2012 da tazarar da ba ta kai kashi uku ba. A 2016 Trump ya ɗauke kashi 70, a 2020 ya kai 75. Cikin shekara 12 kacal kashi 70 ɗin ya tashi daga hannun Democrat ya koma na Republican, kuma fayil ɗin na nuna haka ɓaro-ɓaro.

Sai dai akwai ramuka. Mafi yawan kuskure daga ginshiƙin mode, mai nuna hanyar da aka kaɗa ƙuri'a, yake fitowa: a 2020 wasu jihohi an rarraba ƙuri'unsu gida-gida, na ranar zaɓe daban, na gidan waya daban, na masu zaɓen wuri daban. Wanda ya ɗauki layi ɗaya ya ɗauki guntu ne, dole a tara su duka kafin lissafi. Excel kuma yana haɗiye sifilin farko, sai 01001, lambar wata gunduma a Alabama, ya koma 1001, ya ƙi haɗuwa da alƙaluman ƙidaya. Maganinsa a mayar da ginshiƙin na rubutu mai lamba biyar. Gundumar Shannon ta Dakota ta Kudu ta koma Oglala Lakota a 2015, lambarta ma ta canza daga 46113 zuwa 46102. Ita kuwa Alaska ba ta da gundumomi irin na sauran, da mazaɓun majalisar jiha ake kawo sakamakonta.

Wajen lissafi, ya fi kyau a raba ƙuri'un Democrat da jimillar na manyan jam'iyyun biyu kawai, sannan a cire kason ƙasa baki ɗaya na wannan shekarar. Ta haka ake gane ko gundumar ce ta motsa ko guguwar ƙasa ce ta kwashe kowa.

Babban naƙasun fayil ɗin gajeren zangonsa. Elliott, wadda aka kafa a 1869, ta zaɓi Democrat a kowane zaɓen shugaban ƙasa tun daga 1872 har 2012, har da 1972 da 1984 lokacin da Nixon da Reagan suka lashe jihohi 49 kowannensu. Fayil ɗin da ya fara daga 2000 wutsiyar wannan tarihi kawai ya kama. Don shekarun baya sai a leƙa shafin intanet na Dave Leip mai tattara sakamakon zaɓukan Amurka, amma a kula: a taswirorinsa ja na Democrat ne, shuɗi na Republican, akasin abin da gidajen talabijin suka saba.

Haka kuma babu zaɓen gwamna a ciki. Mai dogaro da shi kaɗai zai ɗauka Democrat ta mutu murus a Elliott, alhali Andy Beshear, ɗan takarar gwamnan Kentucky na Democrat, ya ci gundumar a 2019, ya sake cin ta a 2023.