Ifoksin tayil ya bushe a jikin ƙofa: me za ka saya, me za ka bari a shago?

Da muka sake tayil ɗin banɗakin gidanmu, mai aikin ya ba mu shawara a cike tsagogin da ifoksi maimakon farin siminti, wai ba ya shan ruwa kuma ba ya yin baƙi. Gaskiyarsa ce. Sai dai yaronsa ya tura ƙofa da hannun da yake aiki da shi, ya bar mana shatin yatsu huɗu kusa da mariƙi, ga ɗige-ɗige a ƙasa inda soso ya fantsama. Ba mu ankara ba sai bayan kwana biyar. Na kai farce na ji abu kamar an dasa tsakuwa a jikin fenti.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san irin abin da kake fama da shi. Ifoksin tayil ɗan uwan gam ɗin Araldite ne: ruwa biyu ake haɗawa, ɗaya ya sa ɗaya ya daskare, sannan akwai yashi mai laushi a ciki. Muddin ya gama kamawa, ba ya komawa ruwa. Iyaka dai ka tausasa shi ka ɓamɓare, ko ka kankare. Yashin nan kuma shi ne ke karce fenti idan ka dage da gurza. Shi ya sa tambayar farko ita ce yaushe abin ya zuba. Cikin awa guda, ruwan ɗumi da sabulu da soso sun isa, kodayake a zafin Afrilu ko awar ba ya kaiwa. Kwana ɗaya ko biyu yana da sauran taushi. Ya kai mako, ya gama ƙarfinsa.

Tambaya ta biyu, wadda ni na fi ba wa nauyi, ita ce wace irin ƙofa ce. Kusan duk maganin da ke iya cin ifoksi ya fi saurin cin fenti da banish da roba.

Na fara da shagon kayan gini. Ina gama bayani mai shagon ya jawo jarka ya ce, "Alhaji, ga asid, shi masu tayil ke saya." Eh, suna saya, amma don siminti. Asid yana cin siminti ne saboda sinadarin farar ƙasa da ke cikinsa, ifoksi kuwa an yi shi ne don ya jure irin waɗannan ruwaye, abin da ya sa ake zuba shi a kicin ɗin otal da masana'antun abinci ke nan. Ka shafa shi a ƙofar ƙarfe, ifoksin na nan daram, bayan 'yan kwanaki tsatsa ta fito a makulli da mariƙi. Ko tururinsa kaɗai yana sa ƙarfe tsatsa. Ka bar shi a inda ka gan shi.

Fetur da kananzir wari kawai za su bar maka. Tina kuma, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, takan cinye fentin da ke kewaye ta bar ifoksin a zaune kamar tsibiri.

Asiton, wato ruwan da ke cikin yawancin magungunan goge jan farce, yana da amfaninsa, kuma ba shi da tsada. Ifoksin da bai gama bushewa ba yana tafiya da shi nan take. Wanda ya bushe sai ka jiƙa ƙyalle ka ɗora, ka rufe da leda, domin ruwan yana tafasa ne a digiri 56, a sarari kafin ka waiwaya ya tsere. Ya yi daidai da gilashi da alminiyon da ba a yi wa fenti ba. Kada ya taɓa ƙofar roba irin ta banɗaki, zai narkar da fuskarta ta yi danƙo. Banish ɗin katako ma haka. Yana kama wuta kamar fetur, don haka a nisanta shi da risho da mai shan taba.

Sai magungunan da aka yi musamman don wannan aiki. Kamfanonin Italiya sun yi fice a nan: Mapei na da Kerapoxy Cleaner, Litokol na da Litonet, Fila kuma na da CR10. Ba kowane shago ke ajiye su ba, sai ka bi manyan dilolin tayil a irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, kuma da kuɗinsu. Abin lura, an tsara su ne don goge ɗan hazon da ifoksi ke bari a fuskar tayil, wanda ke sa ta dushe ko ta riƙa danƙo. Dunƙule mai kauri ya fi ƙarfinsu, kuma tangaran aka yi su dominsa, ba fenti ba. Idan tayil ɗinka ma ya yi hazon, saya, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan ɗigo biyar ne a ƙofa, kwalbar za ta tsufa a sito. Ka nemi mai kauri kamar kunu, shi ke tsayawa a jikin ƙofa, mai ruwa-ruwa gangarowa yake ya ja layi. Ka kuma fara gwadawa a gefen ƙofar da ke shiga cikin firam, inda ido ba ya kaiwa.

Maganin cire fenti shi ne babbar guduma. Yana tausasa ifoksi, amma tare da fentin yake tafiya, saboda haka sai wanda dama ya yi niyyar sake wa ƙofar fenti. Ka juya gwangwanin ka karanta. Idan ka ga an rubuta methylene chloride ko dichloromethane, ajiye musu. A 2019 hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa masu aikin gida irin wannan, bayan mutane sun mutu sakamakon shaƙar tururinsa, da dama a cikin banɗaki. Banɗakunanmu da 'yar tagarsu kamar ta kurkuku, ai ba wurin gwaji ba ne. Wanda aka yi da benzyl alcohol ya fi jan lokaci amma ya fi dama. Ko shi ɗin, gara a cire ƙofar a kwantar da ita a tsakar gida, da safar hannu.

Abin da ya fitar da ni zafi ne. Ifoksin da ya bushe a iska yakan fara laushi daga wajen digiri 60 zuwa sama, ya koma kamar cingam ɗin da ya kwana. Zaɓi biyu ne a nan: dirayar busar da gashi, ko na'urar hura zafi irin ta masu fenti. Ta biyun tana kai digiri 300 zuwa 600, ta wuce buƙatar aikin nesa ba kusa ba, kuma a hannun wanda bai saba ba daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ifoksi ya saki da fenti ya kumbura. Ƙofofin ƙarfen da muke kira na Turkiyya ko na China galibi fallen ƙarfe ne siriri, wasu an lulluɓe su da leda mai zanen katako, zafi ya yi yawa sai ta tattare. Ga cin wuta: wat 1500 zuwa 2000 take ja, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Dirayar ma tana da nata cin, sai da na jira aka kawo wuta.

Na ari ta uwargida, bayan doguwar magiya. Na riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga ƙofar, ina kaɗa ta a hankali wajen minti biyu, sannan na zura gefen tsohon katin ATM a ƙarƙashin shatin yatsa na farko. Da fari ya ƙi. Na ƙara hura masa, sai na ji katin ya shige, abin ya ɗago ɗungurungum kamar ɓawon gyambo, fentin ƙasansa fes. Reza ta fi kati kaifi, amma a gilashi kaɗai na yarda da ita. A fenti kuskure ɗaya ya isa ya bar tabon da ya fi na ifoksin muni. Makankarin roba na masu gyaran jikin mota ya fi katin daɗin riƙo, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ƙofar roba ba ta son zafi, lanƙwashewa take. Sa'ar da aka yi, ifoksi ba ya kama roba mai santsi sosai, sau da yawa idan ka ɗan danna wurin ka sa kati a gefe sai ya yi tsalle. Katako mai banish, diraya a ƙaramin zafi da haƙuri. Katakon da ba a shafa wa komai ba kuwa ya riga ya sha abin cikin jijiyarsa, sai samfefa: ka fara da mai lamba 120 ka gama da 220, kana bin tsawon katakon, da takunkumi a hanci.

Shati uku sun fita lafiya, ɗige-ɗigen ƙasa ma haka. Na huɗun na yi gaggawa don na ji ana kiran sallar magariba, ya taho da fenti kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. Ɓallin na naɗe a takarda na kai wa mai haɗa fenti, ya duba ya haɗa mini ɗan kaɗan a murfin gwangwani, na ɗiga da tsinken ashana. Idan rana ta hasko ta tagar baranda ana ɗan ganin wurin.