Kwas ɗin ceto da igiya na kwana 5 a Jos: aikin dutse ya yi, na rijiya da saura

Wani kamfani mai zaman kansa yana ba da horon ceto da igiya na matakin farko a nan Jos, ga 'yan kwana-kwana, ma'aikatan agajin gaggawa, jami'an Sibil Difens da 'yan agajin ƙungiyoyi. Kwana ɗaya a aji, kwana uku a kan duwatsun gefen Shere, rana ta biyar kuma jarrabawa da safe, da yamma a ɗan taɓa aikin rijiya. Abin da suke koyarwa a kan dutse daidai yake, ya kuma ci kuɗinsa. Amma wanda ya san Jos da Bukuru da Barkin Ladi ya san idan aka bugo waya ana neman mai igiya, yawanci ba kan dutse ake kiransa ba, rijiya ce ko ramin haƙar kuza. A nan kwas ɗin ya yi rauni.

Ranar farko ta kaya ce, kuma malaman ba su ɓata lokaci ba. Sun ajiye shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa, irin ta guga da ɗaure kaya, kusa da igiyar ceto, suka yanka kowacce aka gani. Igiyar ceto tana da ciki da riga: zaruruwan ciki ne ke ɗaukar yawancin nauyi, saƙar waje tana kare su daga gogayya. Wadda suke aiki da ita mai kaurin milimita 11 ce, marar talewa sosai, a kan ƙa'idar Turai EN 1891 nau'in A, wadda ba ta yarda igiya ta tsinke ƙasa da kilonyutan 22 ba. Kilonyutan ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Ta kasuwa kuwa babu mai iya faɗa maka ƙarfinta, rana tana cinye ta, tana kuma narkewa a zafin da bai kai maki 170 na ma'aunin Salshiyas ba, alhali lailon, wanda ake yin igiyar ceto da shi, sai ya wuce 200. Gogayya kaɗai tana iya kai ta can.

Ƙulli shida suka tsaya a kai: ƙullin takwas na bakin igiya, takwas mai bin sawu don zagaye turke, malam-buɗe-littafi na tsakiyar igiya, ƙullin masunta mai ninki biyu, ƙullin ruwa na bel, wato shimfiɗaɗɗen maɗauri mai faɗi, da furusik, wato siririyar igiya da ake naɗawa a jikin babba ta damƙe ta in nauyi ya hau. Mun ji daɗin da ba su cika wa ɗalibi kai da ƙulli ashirin ba. Sai ka ɗaura kowanne da safar hannu, ido a rufe, kafin a bar ka ka matsa bakin dutse. Sun kuma nanata cewa kowane ƙulli yana rage wa igiya ƙarfi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, don haka lissafi da ƙarfin da ya rage ake yi, ba da wanda aka rubuta a kwali ba. Haka karabina, ƙugiyar nan mai ƙofa: a tsaye ta alminiyom tana ɗaukar kilonyutan 22 zuwa sama, amma in ta juya nauyi ya hau ta a kwance, ko ƙofarta ta buɗe, sai ta koma 7 ko 8. Lambobin suna rubuce a bayanta, da yawa ba su taɓa dubawa ba.

Darasin turke, wato inda ake ɗaure igiya, shi ne mafi kyau a kwas ɗin gaba ɗaya. Idan an raba nauyi tsakanin turke biyu, buɗewar da ke tsakanin igiyoyin ita ce magana. Ɗauki kilo 200, nauyin mai ceto da wanda ake ceto. A kusurwar digiri 60 kowane turke yana ɗaukar kilo 115. A digiri 90, kilo 141. A digiri 120 kowannensu yana ɗaukar 200 ɗin cif, ka ga rabon bai amfana komai ba. A digiri 150 kuwa kowanne yana shan kusan 390. Malamin bai tsaya a allo ba, ya sa sikeli a kowane reshe ya riƙa buɗe su a hankali, ɗalibai suna kallon allura tana hawa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake baza igiya don ya ga turakun sun yi nisa da juna ba, sai ya ƙara tsawon bel.

Sun kuma yi la'akari da irin ƙasarmu. Bishiyar da ta fito a tsagin dutse tana iya yin kauri amma saiwarta ba ta shiga ko'ina ba. Bishiyoyin turare da aka dasa a tsofaffin filayen kuza, da damina ƙasar gindinsu tana laushi. Dutsen da ke zaune a kan wani dutse, irin waɗanda suka cika Filato, sai an zagaya an ga abin da ya riƙe shi. A bishiya mai kyau, bel mai faɗin milimita 25 ake naɗawa sau uku can ƙasa kusa da gindi, a ja biyu a bar na ukun mai ƙullin yana manne da itacen ta ɓangaren da nauyi yake. In mota za a yi turke da ita, a jikin sasi ake ɗaurewa, ba a bamba ba, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, makulli kuma ya shiga aljihun mai kula da tsaro. Jan mutum da mota haramun ne a wurinsu, kuma gaskiyarsu: direba ba ya jin lokacin da kafaɗar mutum ta maƙale a ƙarƙashin dutse.

Komai da igiya biyu suke yi, babba mai ɗaukar nauyi da ta kariya, kowacce da turkenta. Ta kariyar da furusik biyu a jere suke riƙe ta, kowanne naɗi uku. An yi bayanin dalilin da ya sa ake tsananta mata: gwajin da masu ceto na British Columbia a Kanada suka fito da shi yana jefa kilo 200 ya faɗi mita 1 a kan igiya mai tsawon mita 3, a ga ko tsarin kariyar zai tare. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan babbar igiya ta gaza a daidai lokacin tsallake bakin dutse, lokacin da igiyar da ke waje gajera ce, ba ta da tsawon da za ta shanye fizgar. Kuskuren da sababbi suka fi yi a nan shi ne barin igiyar kariya ta yi sako-sako, ko kuma damƙe furusik da hannu idan sun tsorata, wanda hakan ke hana shi kamawa. Akwai tambayar da malaman ke yi kafin kowace sauka: in kowa ya saki hannunsa yanzu, mutumin zai faɗi? In amsar e ce, sai a warware a sake.

Dutsen Jos yana da kaushi, igiyar da ke ɗauke da nauyi in ta goga gefe da gefe a kan kaifinsa ba ta daɗewa. Da tsohuwar mesar kashe gobara da aka tsaga da tamfol mai ninki suke kare baki, kuma kowanne a ɗaure da ɗan zarensa don kada ya zame ya bi igiya. Wannan dabara ce mai arha da kowace tasha za ta iya yi gobe.

Jan sama da tsarin uku bisa ɗaya suke koyarwa: fuli biyu, wato ƙananan tayoyin da igiya ke bi ta kansu, furusik biyu, ka ja mita 3 kaya su hau mita 1. A takarda nauyi ya kasu uku, a aikace gogayya tana cin nata, sai ka samu kamar biyu da rabi. In ka sa karabina a madadin fuli, da ƙyar ka kai biyu. Sun hana fiye da mutum uku ko huɗu su kama igiya, sun kuma hana jan “ɗaya, biyu, uku” na fizga. Idan furusik ya fara zamewa, ba ƙarin hannu ake nema ba, alama ce wani abu ya maƙale. Umarni da usur ake bayarwa, busa ɗaya tsaya, biyu ja, uku sauke, domin iskar Shere ba ta barin murya ta kai ƙasa. Kowa yana da ikon cewa a tsaya, mutum ɗaya ne kawai ke da ikon cewa a ci gaba.

To, rijiya. Awa biyu da yamma, mutane sun gaji, aka kafa ƙarfe mai ƙafa uku a kan busasshen rami marar zurfi, aka sauke mutum biyu aka fito da su, shi ke nan. Babu na'urar gwajin iska a wurin, sai hotonta a allo. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin a rijiya ba igiya ce ke fara kashe mutum ba, iska ce. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100. In ya yi ƙasa da 19.5 ba a shiga sai da tukunyar numfashi. Iskar kabon dayoksaid ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami ba launi ba wari. Injin jan ruwa mai fetur da masu yasar rijiya ke zurawa ciki, ko janareta a bakin ramin loto, wato ramin haƙar kuza, yana cika wurin da kabon monoksaid. Masai da rijiyar da ta ruɓe suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kansa, sai mutum ya ɗauka ta wuce. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da tsaron ma'aikata, ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu shiga ceto ne. Mun san salon labarin a unguwanninmu: ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su.

Abin da ya kamata a ba yini guda cur ana maimaitawa shi ne wannan. A zura na'ura da zare a auna sama, tsakiya da ƙasa, a dakata a kowane mataki ta gama karantawa. A hura iska da fanka mai mesa har ƙasa, bakin fankar nesa da hayaƙin janareta, a sake aunawa, na'urar kuma ta sauka a jikin mai shiga. Ba a zura oksijin na asibiti don gyara iskar rami, gobara ake gayyata. Takunkumi ko jiƙaƙƙen ƙyalle ba ya ƙara oksijin. Tsohuwar dabarar zura fitila tana nuna ƙarancin oksijin ne kawai, shi ma sai ya yi tsanani. Ba ta ganin kabon monoksaid, in kuma akwai iska mai kamawa da wuta ita za ta tayar da ita. Ƙarfe mai ƙafa uku yana kifewa idan aka ja igiya ta gefe daga samansa, dole a sauko da ita ta fuli a gindin ƙafa ko a ɗaure shi ta baya. Bakin ramin loto kuma ƙasa ce da aka tono, taron 'yan kallo kaɗai yana iya rufta shi, don haka kora mutane baya aiki ne da ake ba mutum guda. A cikin duk wannan, abin da kwas ɗin ya taɓa bai kai kashi ɗaya bisa uku ba.

An yi bayani mai kyau a kan wanda ya suma yana rataye a ɗamara, wato maɗaurin jiki da ake maƙala wa igiya: jini yana taruwa a ƙafafu, yana iya mutuwa cikin ƙasa da minti 30, a sauke shi da gaggawa a kwantar da shi a miƙe. Aikin gadon ɗaukar majinyaci kuwa a gangare mai sauƙi kawai aka yi, wanda ya isa matakin farko. Kada kuma wani ya zaci kwas ɗin ya shafi rushewar gini irin ta makarantar Busa Buji a watan Yulin 2024. Tokare gini da tono fanni ne daban.

Sauran ƙorafi ƙanana ne amma a san da su. Ɗalibai sun yi wa malamai biyu yawa, sai ka ga rabin aji suna zaune a inuwa suna jiran layi. A bakin dutse malami ɗaya bai kamata ya wuce mutum shida ba. Littafin kwas da Turanci yake, alhali da yawa daga cikin 'yan agaji da Hausa za su fi kama shi, ko da yake malaman suna juya bayani in an tambaya. Takardar da ake bayarwa ta halarta ce. Sun ambaci NFPA 1006, ƙa'idar Amurka ta ƙwarewar masu ceto, a talla, kuma darussan sun bi tsarinta, amma bin tsari daban, shaidar ƙwarewa daga hukumar da aka amince da ita daban.

Shugaban tashar da zai tura mutane, kada ya tura ɗaya ko biyu don a ce an wakilta. Aikin yana son aƙalla shida: shugaba, mai kula da tsaro, mai babbar igiya, mai ta kariya, mai tsaron baki da mai sauka, kuma gara su zama 'yan aiki ɗaya da za su riƙa maimaitawa tare duk wata. A sa a cikin yarjejeniya cewa za a ƙara yinin rijiya da na'urar gwaji mai auna iska huɗu da fanka a wurin. A kuma saya kaya kafin a dawo: igiya biyu masu launi daban na mita 60, ɗamarar jiki duka, hular kwano mai maɗaurin haɓa, karabina masu kulle, fuli, bel. A duba kaurin igiyar da aka rubuta a jikin na'urar sauka, domin wadda aka yi wa milimita 12.5 ba za ta riƙe ta 11 yadda ya kamata ba. Igiya ba ta kwana a bayan mota kusa da batir, ruwan batir yana cin lailon ba tare da ido ya gani ba. Bayan aikin hunturu a wanke ƙura da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a bi ta da yatsu daga farko zuwa ƙarshe ana neman inda ta yi laushi ko ƙullutu, a rubuta a littafinta. Wadda ta tare faɗuwa mai tsanani ko cikinta ya leƙo, a yayyanka ta gajeru don kada wani ya ɗauka ya mayar da ita jaka.