Na gama kwas ɗin haɗa sola na wata uku, ga yadda na ga wajen

Tunda na ɗora hoton satifiket ɗina a WhatsApp mata suke ta turo min saƙo, wai ina ne wajen, nawa ake biya, ana ɗaukar matan aure kuwa, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ba zan kama sunan cibiyar ba don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi musu daɗi ba, kuma ni ba rigima nake nema ba, mutanen nan sun yi min rana. Ta wata ƙungiya ce mai zaman kanta a nan cikin Kano, kyauta suke koyarwa, wata uku-uku, akwai ɗinki da girke-girke da gyaran waya da kwamfuta da haɗa sola. A jikin allonsu an rubuta wai na kowa ne, mace da namiji, mai lafiya da mai lalura. To rabi gaskiya ne.

Matsalar farko fom. A intanet ake cikewa, da Turanci zalla, sai kana da NIN da imel. Ni da yake na yi NCE ban sha wahala ba, amma maƙwabciyata da muka yi niyyar tafiya tare, wadda ta sauke Alƙur'ani kuma in ana lissafin adashi duk layinmu ba wanda ya kai ta, boko ne kawai ba ta yi nisa ba, sai da ta je shagon kwamfuta ta biya aka cike mata, yaron ya rubuta imel ɗin da shi kaɗai ya san lambobin sirrinsa, har aka kira mutane aka gama ba ta ji ba. Haka ta rasa. Da takarda suka buga da Hausa suka ajiye a bakin ƙofa da yanzu tare muka gama.

Wajen shekaru kam na yaba musu, 18 zuwa 35 suka sa, irin na N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aiki, da aka fara a 2016. Shekarata 32. Da sun bi manufar matasa ta ƙasa da aka sabunta a 2019, wadda tace matashi shi ne ɗan 15 zuwa 29, da tuni an kira ni tsohuwa an sallame ni. Kuma duk wanda ya san rayuwar mata a nan ya san yadda abin yake, an yi miki aure kina 18 ko 19, haihuwa, goyo, yaye, wani cikin, ba ki samun kanki sai yara sun fara zuwa makaranta, lokacin kin haura talatin. Daidai lokacin da kika samu sararin koyon wani abu shi ne lokacin da takarda za ta ce kin wuce.

Ranar tantancewa wata Anti ce a tebur, ko kallon fom ɗina ba ta yi ba tace Hajiya ɗinki ne ko girki? Nace sola. Ta ɗago ta kalle ni ta kalli goyona tace to wa zai hau miki tsani? Nace Anti ni zan hau. Dariya ta yi ba ta mugunta ba, irin ta wadda take ganin tana taimakona, tace in sake tunani. Wallahi da mai kunya ce ni da yanzu ina can ina koyon yanka buje. Ba raina ɗinki nake ba, Ummata da keken ɗinki ta yi mana kayan ɗaki, amma a layinmu kaɗai teloli mata biyar ne, masu sabulun ruwa da man shafawa da humra kuwa ba a magana, duk wani shirin tallafin mata abu ɗaya ake koya mana sannan a sake mu mu dinga sayar wa juna. Ni kuma abin da na hango daban ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya gagari mutane, kowa sola yake nema ko da na fanka da cajin waya ne, kuma gidaje nawa ne a garin nan da aka rubuta ba shiga a zaure? Maigida ya fita kasuwa tun safe, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta amfanin gida, tana ta ƙara, matar gida ba ta da ikon shigo da namiji, sai a jira dare ko Lahadi. Ni sallama kawai zan yi in shige har uwar ɗaka.

Mu 24 ne a ajin, mata uku. Malaminmu, Injiniya muke ce masa, shi ne dalilin da zai sa in tura ko ƙanwata wajen. Da Hausa yake bayani, in kalmar ba ta da Hausa sai ya ɗauko abin ya miƙa maka a hannu. Sati biyun farko ko wayar wuta bai bari mun taɓa ba sai lissafi, yace mai sola da bai iya lissafin kaya ba ɓarawo ne da bai san yana sata ba. Ka zauna da mai gida ka ƙirga fanka nawa, ƙwan fitila nawa, akwai firji ko babu, kowanne wat nawa yake ci kuma awa nawa zai yi a kunne, daga nan ne za ka san girman batir da yawan fanel, wato farantan da ke ɗaukar hasken rana, ba wai mutum yace ga kuɗina ka haɗa masa abin da zai mutu ƙarfe biyun dare ya zo yana zaginka ba. A wajensa na gane in ka jera batir biyu masu ƙarfin bolt 12 kan wannan a wutsiyar wancan za su ba ka 24, in kuma ka haɗa kai da kai wutsiya da wutsiya suna nan a 12 ɗinsu sai dai su fi daɗewa. Ya nuna mana kwanturola, na'urar da ke daidaita cajin batir, da bambancin PWM mai araha da MPPT mai tsada da ta fi tatso wuta daga fanel, da dalilin da ya sa a nan Kano ake fuskantar da fanel kudu a ɗan karkace, da yadda ƙurar hunturu take rage wuta in ba a gogewa, da cewa batir mai ruwa ba a zuba masa ruwan famfo ko na leda sai tataccen ruwan batir. Na koma gida na duba namu na ga shekara biyu maigida ruwan leda yake ɗura masa, ban ce komai ba sai da ya ci abinci.

Abin da ya riƙe mu mata a wajen kuwa ba wani babban abu bane. Ɗaki ne guda da tabarma da wata Baba mai kula da yara, in ɗana ya yi kuka a leƙo a kira ni in ba shi nono in koma. Sai lokaci, tara zuwa ɗaya, kafin 'yan makaranta su dawo ina gida. Sai banɗakin mata daban mai ƙofa da sakata da ruwa. Da babu ukun nan ko sati ba zan yi ba, kuma da su na samu maigida ya yarda tun farko. Kuɗin mota suna bayarwa amma sai ƙarshen wata kuma ba ya isa, adaidaita biyu nake hawa zuwa biyu dawowa, ɗaya daga cikinmu mata ukun saboda haka ta daina zuwa a wata na biyu, kuma ta fi ni kai.

Inda raina ya ɓaci sosai shi ne maganar wani yaro mai lalurar shan inna da yake ajin gyaran waya. Ajin a saman bene yake. Kullum sai ya bar kekensa a ƙasa abokansa biyu su ɗauke shi kamar buhu su hau da shi, saurayi da gemunsa, a gaban 'yan mata. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya tun Janairun 2019 Buhari ya sa mata hannu, aka ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika ya wuce. Su ko gini ma ba sai sun fasa ba, ɗakin ɗinki yana ƙasa, musanya kawai za a yi. Sai da aka yi sati uku ana magana sannan suka sauko da ajin. Sun gyara, na ba su wannan, amma ku da kuka rubuta mai lafiya da mai lalura a allo ai kafin ya zo ya kamata ku yi tunanin matakala. Kurame kuwa ko ɗaya ban gani ba, kuma ban yi mamaki ba tunda babu mai fassara da hannu.

Kayan aiki ma sun yi kaɗan, mitar auna wuta biyu ga mutum 24, samari su rigaye su dafe mu kuma a ce mu riƙe littafi mu rubuta abin da ta nuna. Injiniya ne ya lura da kansa ya tsara layi da suna, ranar da ya zo kaina na hau tsani da wando a ƙarƙashin hijabi na ɗaure fanel na sauko, ba abin da ya faɗo.

Bayan an gama suna tura ɗalibai shagunan masu sola su yi wata ɗaya. Mazan duk an karɓe su, mu biyu sai da aka zaga da mu shago huɗu a Sabon Gari kowa yace ba shi da wajen ajiye mace, ƙarshe wani dattijo ya karɓe mu da sharaɗin mu zo tare mu tafi tare. Nan cibiyar ta gaza, da tun farko suka zauna da masu shagunan. Kuma ku sani takardar da suke bayarwa shaidar halarta ce kawai, in aikin kamfani ko na gwamnati kike hari sai kin nemi jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko ta hukumar jarabawar sana'o'i ta NABTEB, su ba su faɗa mana ba sai da na tambaya.

In maki zan ba su, bakwai cikin goma, biyar a ciki na Injiniya da Baba mai raino ne. Wadda za ta je ta tanadi kuɗin motar wata guda a hannu, ta buɗe imel da kanta, kuma in an tambaye ta a tebur ta maimaita abin da ta rubuta a fom ko sau nawa ne. Ni dai aikina na farko na yi shi satin da ya wuce a gidan wata mai sayar da zoɓo da ƙanƙara a bayan layinmu, fanel huɗu da batir biyu, mijinta yana Legas shi ya sa ta neme ni. Akwatin kayan aikin da aka raba mana akwai filaya da mita da sukundireba amma babu tsani, har yanzu na masallacin unguwa nake aika yaro ya aro min.